Yaushe Surkullen Matsafi Zai Dawo? Jagora ga Mai Jan Ragamar Wasa

Duk teburin da ake buga Dungeons & Dragons ko wani wasa danginsa, ba a daɗewa wannan gardama take tasowa. An gwabza da dodanni a bakin kogo, matsafin tawaga ya zazzage manyan surkullensa duka a karo ɗaya, sai ya ce a koma a kwana. Mai riƙe da mayaƙi kuwa ko gumi bai yi ba, takobinsa na hannu, so yake a kutsa ciki. Jagoran wasa yana tsakiya, ya shirya ɗakuna goma, ga shi an tsaya a na farko. Masu wasan a Amurka sun daɗe da yi wa abin laƙabi da ranar aiki ta minti goma sha biyar: a fita, a yi faɗa ɗaya, a kwanta.

Ga wanda bai saba ba, wasa ne na labari da ake yi a zaune. Kowa yana riƙe da jarumi ɗaya a takarda, jagora yana ba da labarin duniyar, dayis mai fuskoki da yawa yana yanke abin da ya faru. Sihirin da ke ciki na tatsuniya ne, lambobi ne kawai da ake sokewa da fensir.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne dokar dawowar surkulle ita ce agogon labarinka. Ita ke faɗa wa 'yan wasa yaushe za su ji tsoro, yaushe za su yi tattali, yaushe za su juya gida. Saboda haka tambayar da za ta raba gardamar ita ce: arangama nawa ake yi a teburinka tsakanin cikawa da cikawa? Ga yadda za ka bi ta.

Mataki na farko: san dokar da ke hannunka da inda ta fito

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, matsafi sabon shiga surkulle ɗaya tak yake da shi a rana. Zai haddace shi daga littafinsa, da zarar ya furta shi ya goge daga kansa, sai ya sake zama ya haddace. Gygax ya ɗauko wannan tsari daga labaran marubuci Jack Vance, waɗanda suka fara fitowa a 1950, inda surkulle abu ne mai nauyi da ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar da yawa a lokaci guda.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne a da haddar tana cin lokaci sosai. A bugun farko na Advanced Dungeons & Dragons, kowace daraja ta surkulle, wato lambar da ke nuna girmansa, tana cin minti 15, bayan hutun da shi ma yake tsawaita gwargwadon girman surkullen, daga awa 4 har zuwa awa 12. Ɗauki matsafin da ya kai mataki na 9 a ƙwarewa, mai surkulle huɗu a daraja ta ɗaya, uku a ta biyu, uku a ta uku, biyu a ta huɗu, ɗaya a ta biyar. Jimillar darajojin 32 ce. Idan ya zazzage su duka, awa 8 cur zai yi yana karatu, ban da barcin. Bugu na biyu na 1989 ya rage shi zuwa minti 10 kan kowace daraja. Bugu na uku na 2000 ya dunƙule shi: awa 8 na hutu, awa ɗaya na shiri, komai girmanka. Bugu na huɗu na 2008 ya sauya hanya gaba ɗaya, ya raba iko kashi uku: wanda ake yi kullum, wanda ke dawowa bayan hutun minti 5, da wanda ke dawowa sau ɗaya a rana.

Bugu na biyar na 2014 yana ba matsafi gurabe, wato adadin surkullen da zai iya yi kafin ya huta. Kowane surkulle yana cinye gurbi ɗaya, dogon hutu na awa 8 yana mayar da su duka, kuma ba a cin amfanin dogon hutu fiye da sau ɗaya cikin awa 24. Akwai ƙananan surkulle da ba sa cin gurbi ko kaɗan. Sannan sau ɗaya a rana, bayan gajeren hutu na awa ɗaya, matsafi yana iya maido da gurabe da jimillar darajarsu ta kai rabin matakinsa, a cika sama, muddin babu na daraja ta 6 ko fiye.

Ka ga ke nan, daga bugu zuwa bugu farashin cikawa yana ta sauka. Buɗe littafinku ka karanta dokar da idonka kafin ka taɓa ta. Rabin gardamar da ake yi a tebur tsakanin mutanen da kowannensu yake tuna bugu daban ce.

Mataki na biyu: ƙirga arangama

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne wanda komai ya rataya a kansa. Ɗauki takarda ka waiwayi zamanku huɗu ko biyar na baya. Rubuta sau nawa aka yi dogon hutu, da arangama nawa aka yi tsakanin kowane hutu da na gabansa. Ka haɗa da duk wani abu da ya tilasta wa matsafi kashe gurbi, ko da ba faɗa ba ne: tsallake kwazazzabo, buɗe ƙofar da aka ɗaure, yaudarar mai gadin fada.

Littafin jagoran wasa na 2014 ya gina lissafinsa a kan cewa tawaga za ta iya ɗaukar arangama 6 zuwa 8 masu matsakaicin wuya ko masu wuya a rana, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. Dubi abin da hakan ke nufi ga matsafi a mataki na 5. Yana da gurabe 9: huɗu a daraja ta ɗaya, uku a ta biyu, biyu a ta uku. Faɗa a wannan wasa yakan ɗauki zagaye uku ko kusa da haka, inda kowa yake yin motsinsa sau ɗaya a kowane zagaye. Faɗa shida ke nan zagaye 18, gurabe 9 ba za su rufe su ba. Dole a kusan rabin zagayen ya koma ga ƙaramar kibiyar wutarsa mai dayis biyu masu fuska 10, wadda matsakaicin ɓarnarta 11 ne. Mayaƙin da ke kusa da shi yana sara biyu a kowane zagaye, idan duka sun samu kusan 17, kuma ba ya ƙarewa. A irin wannan rana kowa yana da lokacinsa.

To sauya lissafin. A ce faɗa ɗaya ake yi a rana. Zagayen farko matsafi ya jefa dunƙulen wutan nan da littafin ya kira Fireball, dayis takwas masu fuska 6, matsakaicinsa 28 a kan duk wanda ke cikin da'irar. Zagaye na biyu ya sake jefa wani. Kafin na uku an gama. Mayaƙi ya zama ɗan rakiya, ba don ɗan wasan da ke riƙe da matsafi ya yi wani laifi ba. Ya yi abin da duk mai hankali zai yi ne idan ya san gobe da safe za a cika masa aljihu.

Idan ƙidayarka ta nuna biyar ko fiye, bar dokar yadda take, matsalarka a wani wuri take. Idan ta nuna ɗaya ko biyu, kamar yadda yake a yawancin labaran tafiya cikin daji da na makircin fada, ci gaba.

Mataki na uku: tambayi mutanenka, a wajen wasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka sauya dokar hutu a daidai lokacin da matsafi ya ce zai kwanta, domin zai ɗauka hukunci ne kake yi masa. Ka bari sai an tashi, ko kafin a fara zama na gaba, ka yi tambaya uku. Mai matsafi: me ya fi yi maka daɗi, shirya abin da za ka ɗauka tun da safe, ko samun abin yi a kowane zagaye? Masu mayaƙa: kuna jin ana bukatarku? Kowa da kowa: kuna son ku riƙa jin tsoron ƙarewar guzuri, ko labarin jarumta kuke so inda kullum ana cike?

Amsar tambayar farko ita ta fi muhimmanci. Akwai mai wasan da daɗinsa duka a tattali yake, ya riƙe surkulle ɗaya tun safe har ya sake shi a kan sarkin dodanni. Akwai wanda zaman banza a zagaye biyu yana kashe masa sha'awa. Doka ɗaya ba za ta gamsar da su biyun daidai ba, gara ka san wanne ke gabanka.

Mataki na huɗu: zaɓi hanya

Hanyoyin da aka gwada suna da yawa, amma guda huɗu ne suka cancanci a tsaya a kansu.

Ta farko ita ce tsawaita hutun. Littafin jagora na 2014 da kansa ya kawo wannan zaɓi: gajeren hutu ya zama kwana ɗaya na awa 8, dogon hutu ya zama kwana 7. Lissafin gurabe bai sauya ba, kalanda ce ta sauya. Faɗa shidan nan da a da ake cusa su a yini ɗaya yanzu suna bazuwa cikin mako ɗaya ko biyu na tafiya. Ga labarin ayari mai ratsa hamada ko na bincike a birni, wannan ya dace ƙwarai. Illarsa tana fitowa ne idan aka shiga kogo mai ɗakuna da yawa, inda babu wanda zai iya samun ko gajeren hutun.

Ta biyu ita ce maki a madadin gurabe. Shi ma yana cikin littafin. Surkullen daraja ta ɗaya maki 2, ta biyu maki 3, ta uku maki 5, matsafi a mataki na 5 yana da maki 27. Wasanni irin su RuneQuest na 1978 sun daɗe a kan tsarin maki, kuma yana da sauƙin fahimta ga wanda ya saba da wasannin kwamfuta. Amma ka lura da kyau: maki 27 dunƙulen wuta biyar ne, a maimakon biyu. Idan matsalarka zazzagewa ce a faɗan farko, wannan hanya ƙara mata ƙarfi take yi. Ban ba ka shawarar ta ba sai idan ranakunku dogaye ne tun asali.

Ta uku ita ce jefa dayis. A Dungeon Crawl Classics na 2012 da Shadowdark na 2023, matsafi ba ya ƙirga gurabe. Duk lokacin da zai yi surkulle sai ya jefa dayis mai fuska 20. Idan ya ci, surkullen ya yi aiki kuma yana nan a hannunsa. Idan ya faɗi, yana iya rasa shi sai bayan hutu. A Shadowdark abin da ake nema shi ne 10 a haɗa da darajar surkullen. Matsafi mai ƙarin 3 a kan jifansa yana bukatar 8 ko fiye a kan surkullen daraja ta ɗaya, wato yana ci kashi 65 cikin ɗari, kuma a matsakaici zai yi shi kusan sau biyu kafin ya kuɓuce masa. Akwai zaƙi a cikin wannan, domin babu wanda ya san yaushe rijiyar za ta ƙafe, har shi matsafin. Akwai kuma ɗaci: sau ɗaya cikin uku zai rasa surkullensa a jifan farko bai amfana da komai ba. Dungeon Crawl Classics ya ba shi mafita mai tsada, ya ƙona ƙarfin jikinsa ko zafin namansa don ya ƙara wa jifan maki, su kuma suna warkewa a hankali. Ka sani dai waɗannan wasanni an gina surkullensu ne tun daga tushe a kan wannan tsari. Ɗora shi a kan bugu na biyar aiki ne babba, domin za ka wayi gari da matsafin da sa'a ta ba shi dunƙulen wuta shida a jere.

Ta huɗu, wadda nake tsayawa a kanta, ita ce ɗaure cikakken hutu da labari a maimakon agogo. Wasan 13th Age na 2013 ya yi haka kai tsaye: tawaga tana samun cikakkiyar cikawa bayan kamar faɗa huɗu, ko sun faru a yini ɗaya ko cikin wata guda. Idan suka zaɓi su huta kafin nan, an yarda, amma sai wani abu ya lalace a labarin, abokin gaba ya ci wata nasara da ba za a iya gogewa cikin sauƙi ba. Wasu suna ƙin wannan don ba a ganin dalilinsa a cikin duniyar labarin. Gyaran mai sauƙi ne: a ce dogon hutu ba ya samuwa sai a amintaccen wuri, gari mai ganuwa, gidan aboki, sansanin da aka kafa aka tsare. Kwana a daji ko a lungun kogo gajeren hutu ne kawai. Matsafi yana bukatar natsuwa, fitila, da tebur da zai buɗe littafinsa, kuma wannan ya yi daidai da tsohon tsarin awa 8 na karatu.

Dalilin da ya sa na fi son wannan shi ne ya mayar da taswira abin wasa. Kai jagora kai ke ajiye garuruwa. Idan ka sa kwana uku tsakanin gari da kogo, ka san arangama nawa za a yi kafin cikawa, ba tare da ka ƙirƙiro dodannin dare don ka hana mutane barci ba. 'Yan wasa su ma suna gani da idonsu. Za ka ji suna cewa, "Saura gurbi uku, mu shiga ɗaki na gaba ko mu juya?" Wannan tambaya ita ce zuciyar wasan tun 1974, kuma dokar awa 8 a ko'ina ita ce ta kashe ta a tebura da yawa.

Sai dai kada ka yi wannan ba tare da ka bar wa matsafi abin lasa a hanya ba. Ikon nan na maido da rabin matakinsa, bar shi ya yi aiki sau ɗaya a kowace rana ta tafiya. A mataki na 5 darajoji uku ke nan kullum: ko dunƙulen wuta ɗaya, ko ƙanana uku. Ya isa ya ji shi matsafi ne, bai isa ya mamaye kowane faɗa ba. Ka kuma bar shi ya sauya jerin surkullen da ya shirya bayan kowane kwana ko da gurabensa ba su dawo ba, domin zaɓen safiya rabin daɗin riƙe matsafi ne.

Mataki na biyar: duba wanda dokar ta taɓa ba da niyya ba

Hutu ba na matsafi kaɗai ba ne. A bugu na biyar, mayaƙi yana maido da ƙarin motsinsa da ɗan warkar da kansa a gajeren hutu. Matsafin nan mai alƙawari da wani ubangida, wanda littafin ya kira Warlock, gurabe biyu kacal gare shi a mataki na 5, amma suna dawowa a kowane gajeren hutu. Idan kowane dare gajeren hutu ne, waɗannan biyun za su ɗaga sama, kuma daidai ne su ɗaga, don su ne aka daɗe ana dannewa. Wanda zai sha wuya shi ne mai warkarwa, da jarumin nan da littafin ya kira Barbarian, wanda fushin da ke ƙara masa ƙarfi sau uku ne kawai kafin dogon hutu. Ka yi musu irin rangwamen da ka yi wa matsafi: fushi ɗaya, ko gurbi ɗaya ƙarami, a kowane kwana.

Dubi jini kuma, wato makin lafiyar jarumi. Dayis ɗin warkewa da ake kashewa a gajeren hutu sai a dogon hutu suke dawowa, rabi ma a dokar 2014. Tafiyar kwana goma ba tare da gari ba za ta ƙarar da su. Ko ka rage tsawon tafiyar, ko ka mayar da ɗaya kowane dare.

Akwai kuma surkullen da aka auna tsawonsu da yini. Sulken matsafi awa 8 yake yi kuma yana cin gurbi ɗaya. A tsohuwar doka gurbi ɗaya ne cikin tara. A tafiyar kwana biyar gurbi biyar ne, wanda zalunci ne. Ka ce duk surkullen da tsawonsa awa 8 ne yana nan har zuwa dogon hutu na gaba, ko aƙalla kwana uku.

Mataki na shida: toshe ɓaraka tun da wuri

Akwai surkullen daraja ta uku da ke kafa wata 'yar bukka ta sihiri mai awa 8, wadda abokan gaba ba sa iya shiga, kuma matsafi yana iya yin ta ba tare da kashe gurbi ba idan ya ƙara minti 10. Ranar da ka kafa dokar amintaccen wuri, wani zai tambaye ka ko bukkar ta isa. Ba shi amsa tun kafin ya tambaya. Tawa ita ce bukkar tana tsare barci daga hari da sanyi, amma gajeren hutu take bayarwa. Idan ka yarda ta zama gari, dokarka ta mutu daga ranar da matsafi ya kai mataki na 5.

Ɗaya ɓarakar ita ce komawa gari bayan kowane faɗa. Kada ka hana. Ka bar duniya ta motsa kawai. Kwana shida na zuwa da dawowa sun isa 'yan fashin kogo su kira 'yan uwansu, su toshe ƙofar da aka fasa, ko su kwashe dukiyar su bar wurin. Ka nuna alamar hakan tun kafin su yanke shawara, ta bakin wani ɗan gari ko sawun da suka gani, don ya zama zaɓi ne suka yi da saninsu.

Mataki na bakwai: rubuta, gwada, sake ƙirgawa

Rubuta dokar a layi biyar ko shida, ka ba kowa. Faɗa musu gwaji ne na zama uku, kuma duk wanda sauyin ya ɓata wa jarumi yana da damar sake zaɓen surkulle ko ma sauya jarumin ba tare da asara ba.

A cikin zaman ukun ka riƙa rubuta abu biyu: arangama nawa aka yi kafin kowane dogon hutu, da gurabe nawa suka rage wa matsafi lokacin da aka isa gari. Idan yana isowa da ɗaya ko biyu, ka samu daidai. Idan yana isowa da fiye da rabi, tsoro ya sa ya daina amfani da su, sai ka matso da garuruwa ko ka faɗa musu nisan da ya rage a fili. Idan kuwa yana ƙarewa tun tsakiyar hanya yana bin tawaga da kibiyar wuta kawai, ƙara masa daraja ɗaya a abin da yake maidowa kullum, ka sake gwada zama uku kafin ka taɓa wani abu daban.